Littafin Bashi

A shagona na Dilimi akwai littafi mai baƙin bango,
man inji ya cinye gefensa.
Ciki nake rubuta waɗanda nake bi:
wane, gyaran injin ban-ruwa, saura dubu huɗu;
wane, ya ce sai an haƙe dankali.
Daren jiya na buɗe shi zan yi lissafi
sai aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu, sanyin Jos na cizon yatsuna,
na shiga ƙirga bashin da ake bina,
wanda babu takardar da ta san da shi.

Baba Chuwang, kai ne shafin farko.
Na zo maka da silifas ɗaure da waya,
ban san bambancin sifana da filaya ba.
Ba ka ce ɗan wane ne ba,
ba ka ce daga wace unguwa ba,
ka dai ce, "Naɗe hannun riga, riƙe nan."
Inji uku na kashe maka a wata guda.
Na ukun ka tsuguna, ka duba, ka ja tsaki,
ka ce, "To, yanzu ka san hanya uku da ba a bi."
Kai ka koya mini sauraron ƙarfe
kamar uwa mai sauraron tarin ɗanta da tsakar dare,
ta san na mura, ta san na asibiti.
Ka iya faɗa, wannan kam ba zan ɓoye ba,
har yau kunnena na hagu yana tuna ka.

Iya Ladidi mai masa, a bakin Farin Gada,
ke ba ki da littafi, bango gare ki da gawayi.
Kowace safiya na ci, ki ja layi ɗaya.
Layukan suka yi yawa har na fara sauya hanya.
Ki ka aiko yarinya ta kamo ni.
Na zo ina sunkuyar da kai, ki ka nuna bangon:
ruwan Agusta ya wanke shi tas.
Ki ka ce, "Sama ta biya maka. Zauna, miya na hucewa."
Sai da na girma na tuna
bangon nan yana ƙarƙashin rumfa.

Akwai kuma wani, ban san sunansa ba.
Daren da Asma'una ke naƙuda, jini ya yi ƙasa,
ya tashi daga benci, ya miƙa hannu,
aka ɗiba, ya sha lemo, ya tafi.
Jar hula kawai na riƙe.
Shekara tara ina duban masu jar hula a Taminus.

Bara muka kai Baba Chuwang gida, bayan Bukur,
tsakanin duwatsun da suka hau kan juna
ba su faɗi ba tun kafin kakanni.
Ana waƙa da harshen da ban iya ba,
na tsaya can baya da sifanarsa mai lamba goma sha uku a aljihu,
ina ta juya godiyar da na ajiye
sai na samu lokaci.

Da aka kawo wuta, littafin na nan buɗe.
Ba zan yi ƙarya in ce na yaga shi ba,
akwai haya, akwai kuɗin makaranta.
Suna ɗaya dai na ja wa layi:
Dauda na Lamingo, wanda ƙanƙara ta kashe wa kabeji.

Da safe wata yarinya ta tsaya a ƙofa, Nanret,
ta ce gyaran inji take son koya.
Yaran shago suka fara dariya.
Na ji bakina ya buɗe,
muryar da ta fito kuwa ba tawa ba ce:
"Naɗe hannun riga. Riƙe nan."